Man Kanumfari da Ƙafar Hamma

Sunana Sambo, aikina wanke kwalabe. Shekara tara ke nan ina yin sa a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a a Kalgo: in wanke, in dafa su a tukunyar tururi, in jera. Sakandare na gama, da ƙyar ma. Amma a rugarmu da ke bayan Kambaza, a ƙasar Gwandu, duk wanda ya taɓa ganin hotona da farar riga ya riga ya yanke cewa boko a kaina ya ƙare, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba, don abin yana yi mini daɗi. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne, tun da yayana ya dawo daga asibiti mutane ke tare ni a kasuwar Gwandu suna roƙon in samo musu "man nan". Ba zan samo wa kowa ba, kuma ina so a san dalili.

Yayana Hammadi, da muke kira Hamma, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ne kuma ke bin shanun gidan. Daga ruga zuwa fadama, daga fadama zuwa ruga, kullum a ƙafa, kuma ban taɓa jin ya ce ya gaji ba. Kamar yawancin makiyayanmu, shi ne likitan shanunsa. Ranar kasuwa zai sayo kwalbar allurar shanu, wani ruwa mai kauri rawaya, ya jefa a jaka tare da sirinji. Saniya ta yi sanyi ya zuƙa ya soka mata, washegari a tatse ta mu sha. Idan shi ma zazzaɓi ya taɓa shi sai ya zuƙi kaɗan, wai rabin na maraƙi, ya sa a soka masa a cinya. Kafso ja da rawaya kuwa ba ya rabuwa da aljihunsa: biyu idan jiki ya yi nauyi, da ya ji dama-dama ya ajiye. Ya fi shekara ashirin yana haka a gabana. Na sha jin malamai a wurin aiki suna cewa irin wannan shan magani yana koya wa ƙwayoyin cuta jurewa, amma ban taɓa haɗa zancensu da jakar Hamma ba.

Tsakiyar daminar bara wani bajimi ya taka masa ƙafar dama a cikin caɓin garke. Tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi ya tsage. Ya wanke da ruwan tulu, ya ɓare kafso biyu ya barbaɗa garin a kai, ya ɗaure da tsumma, ya bi shanunsa. Da na kira shi a waya dariya ya yi.

"Mi ka damunka, Sambo? Wanga ai ƙwarzane na."

A mako na biyu ƙwarzanen ya hana shi sa takalmi. Matarsa, Adda Hajo, ita ke wanke masa safe da yamma, kuma tana da hanyarta ta auna ciwo wadda ta koya wurin tsohuwarta: idan ta kwance tsumman sai ta kai shi hanci ta shinshina. Ita ce ta fara cewa warin ya sauya. Hamma ya yi wa kansa allurar shanu kwana uku a jere, kumburin bai ko motsa ba.

A mako na uku muka kai shi asibiti a Gwandu. An yi masa allurai na kwana biyar, aka sauya wasu, aka haɗa da ƙwayoyi. Ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah ya saka musu. Ƙafar dai kullum ƙara sheƙi take, mugunya na fita kore-kore. A lokacin ne 'yan'uwa suka buɗe nasu asibitin a gida. Goggonmu ta zo da garin bagaruwa, Baffa ya ce a yi sakiya, wani maƙwabci ya rantse da zuma, wani ya ce ai ba bajimi ba ne, taka abu ya yi. Kowa ya zo da magani sai ya ba da labarin wanda ya warke da shi, ba wanda ya taɓa zuwa da labarin wanda bai warke ba. Wani malamin asibiti ne ya ja ni gefe ya ce mu wuce Birnin Kebbi, don abin da suke da shi a nan ƙafar ta daina jin sa.

Aka sayar da maruƙa biyu muka tafi. Mun isa da hantsi, ba mu ga likita ba sai bayan la'asar. Hamma na kan benci, ƙafa a kan kwali, mutanen da ke kusa da shi suna ɗan matsawa ɗaya bayan ɗaya. Layin kati daban, na hoto daban, na gwaji daban, kowanne kuma a wani gini. Aka ɗebi mugunyar aka ce mu dawo bayan kwana uku.

Takardar gwajin na iya karanta ta, don irinta nake gani a wurin aiki. Ana jera sunayen magunguna, a gaban kowanne a sa harafi: S idan maganin yana kashe ƙwayar cutar, R idan ta fi ƙarfinsa. Magani takwas aka jera. Na bi da yatsa daga sama zuwa ƙasa, R, R, R, har bakwai. Ɗaya tak ke da S, na ƙarshe. Na riƙe takardar muka shiga wurin likita.

Likitan ba tsoho ba ne, kuma ba ya kwana-kwana. Ya ɗaga hoton ƙafar ya nuna mana inda cutar ta ci ƙashin yatsu biyu. Ya tambayi Hamma abin da yake sha tsawon shekaru, Hamma ya faɗa masa har da alfahari. Likitan ya ajiye biro.

"Malam, magungunan da za mu yaƙe ta da su duk ta riga ta saba da su a jikinka. Saura ɗaya, shi ma ba zai kai cikin ruɓaɓɓen ƙashi ba sai an cire. Yau yatsu biyu nake roƙo. Idan kuka tafi kuka dawo bayan wata, ba yatsu zan roƙa ba."

Hamma ya dube ni, ya dubi ƙafarsa.

"Likita, makiyayi da ragin ƙahwa mi za ya bi? Ku ba ni kwana bakwai in yi shawara."

Likitan ya rubuta mana ranar dawowa, ya ja layi biyu a ƙarƙashinta. A mota Hamma ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai da kake cikin masana, ka binciko muna wata dabara." Da a ce na faɗa masa ba ni da wata dabara da ta wuce ta likita, da ya koma asibiti a ranar da aka sa. Na san shi, yana jin maganata. Sai na ce to, zan duba.

A ɗakin gwaje-gwajenmu akwai wata malama da ke bincike a kan man tsirrai. Ita da ɗalibanta suna dafa kanumfari, citta, na'a-na'a da ganyen turare a tukunyar gilashi, tururin ya bi ta wani bututu ya huce, man ya taru kaɗan-kaɗan. Buhun kanumfari guda ɗan abin da yake bayarwa bai cika kwalbar turare ba. Sai su shuka ƙwayoyin cuta a ƙananan farantan gilashi, irin waɗanda suka gagari magani, su ɗiga man a tsakiya. Washegari za ka ga farantin ya rufe da cuta, amma kewayen ɗigon fes, ba komai. Na kanumfari ya fi kowanne faɗin da'ira. Shekara biyu ina wanke waɗannan farantan ban damu da su ba, sai a wannan makon na tsaya a kansu kamar yau na fara gani.

Na nuna wa Malama takardar Hamma. Ta karanta, ta cire tabarau.

"Malam Sambo, yaushe za a yi aikin?"

"Ranki ya daɗe, na ce ko man nan naku..."

Ba ta bari na ƙarasa ba. Ta ce faranti ba mutum ba ne: ba shi da jini, ba shi da ƙashi, ba shi da nama da zai ƙone. Ta ce ba a kai ga gwada shi a jikin kowa ba, ba su san adadin da ya dace ba, kuma tsantsarsa yana cin fata. Ta ce ko da ya kashe na sama, ba zai taɓa na cikin ƙashi ba.

"Abin da ya fi ba ni tsoro, yana kashe zafi. Ka san shi ake sa wa haƙori mai ciwo. Zai ji sauƙi alhali abin na tafiya. Don Allah ka mayar da shi asibiti, yau in da hali."

Na ce to, na gode. A raina kuwa cewa na yi, malaman nan ba su taɓa yarda abu ya yi ba sai sun rubuta takarda a kansa. Da idona na ga da'irar. Kuma kwalaben da aka gama da su hannuna suke zuwa, kowacce da ɗan sauran mai a gindinta. Maimakon in wanke, sai in kifa su a kan wata 'yar kwalbar maganin tari da na dafa. Kwana huɗu na tara abin da ya kai cokali biyu. Ba wanda ya ba ni, ba wanda ya sani, ni na ɗauka.

Ranar Asabar na hau babur na nufi gida. Na koya wa Adda Hajo: ta wanke, ta ɗiga uku a cikin ramin, ta rufe da auduga, safe da yamma. Ɗigon farko Hamma ya damƙe tabarma, gumi ya keto masa. Bayan ɗan lokaci ya saki ajiyar zuciya.

"Zahin ya lahwa," ya ce. "Walle ya lahwa."

Washegari da safe Adda Hajo ta tare ni da ƙwaryar nono tana murmushi, ta ce rabonsa da barci irin wannan tun kafin a yi shuka ta biyu. Ta kwance audugar ta kai hanci kamar yadda ta saba.

"Babu wari, Sambo. Ƙamshi ɗai nika ji."

Ranar da likita ya ja wa layi biyu ta zo ta wuce. Na tuna da ita sarai, ina tsaye ina wanke farantai. Malama ta tambaye ni jikin yayana, na ce da sauƙi, ta ɗauka an yi aikin, na bar ta a haka. Labari ya bazu daga Kambaza har Ceberu cewa ƙanen Hamma ya kawo magani daga jami'a wanda ya kunyata likitoci. Baffa da ya so sakiya ya zo da kansa ya shi mini albarka. Na sake tara wani man na aika.

Mako biyu muna cikin wannan murna. Akwai abubuwan da na gani da na je a mako na bakwai, kuma ban ba su suna ba. Bakin ramin ya yi fari fat, ya bushe kamar an ƙona shi da toka, na ce warkewa ce. Yatsun biyu sun yi duhu, na ce mataccen jini ne. Hamma ya rage cin abinci, idonsa ya faɗa, yana yawan neman ruwa. Sai ƙudaje. Ɗakin duk ƙamshin kanumfari, har a tufafinsu, amma ƙudaje manya masu kore suna zuwa su lulluɓe audugar, a kore su su dawo. Adda Hajo tana zaune da mafici tana faɗa da su, tana mamakin abin da suke nema. Ni ma na tsaya ina kallonsu, amma na hau babur na koma Kalgo ban ce komai ba.

Ranar Laraba ta mako na takwas ta kira ni da hantsi.

"Sambo, ka taho. Jikinai zahi awa wuta, amma ƙahwar sanyi ƙalau. Na tsunkule ta bai jiya ba. Kuma shina ta surutu, shina kiran shanun da anka saida tun bara."

Da na isa na yaye zanen. Baƙin ya wuce idon sawu, ya hau ƙwauri, fatar ta yi ƙuraje masu ruwa. Da na danna da yatsa sai na ji wani abu yana ƙas-ƙas a ƙarƙashi. Shaƙuwa ta kama shi ba ta saki. Muka ɗauko motar kasuwa, muka kwantar da shi a baya, muka nufi Birnin Kebbi. A hanya, da iska ta kwashe ƙamshin, direban ya sauke gilashi ya toshe hanci da hula. A nan na fara jin warin da ya yi mako uku a ɗakin.

Wannan karon ba mu bi layi ba, da ganin sa aka wuce da shi. Likitan nan ne dai. Ya kwance audugar, ya tsaya, ya shaƙa.

"Me kuke sa masa?"

Adda Hajo ce ta amsa, da zuciya ɗaya.

"Man kanumhwari na, likita. Ƙanenai ga shi nan, jami'a yaka aiki, shi yak kawo muna. Shi ɗai ab ba shi barci."

Likitan ya dube ni. Bai zage ni ba, bai ce mata komai ba, kuma har gobe ina gode masa da wannan. Ya kira ni waje ya ce cutar ta shiga jini, sai an yanke a saman gwiwa, kuma ko hakan ba ya ba ni tabbacin rai. Hamma ba ya cikin hayyacinsa, ni na sa hannu a takardar. Hannun da ya tara man shi ya sa hannu.

An yi aikin da yamma. Aka ɗaura masa maganin nan guda da ya rage ta jijiya, kwana goma sha huɗu. Kwana ukun farko ba wanda ya ce mana zai tashi. Akwai wata nas, babbar mace, da ke zuwa ta duba shi ko ba lokacinta ba, ta riƙa ce wa Adda Hajo ta ci abinci; ban san sunanta ba, Allah ya san ta. Malama ma da labari ya kai mata ta zo da kanta. Na faɗa mata gaskiya a bakin ƙofa. Ta ce bincikensu zai ci gaba, wataƙila wata rana a sami magani na gaske daga ciki, amma yanzu duk kwalbar da aka gama da ita a gabanta za a wanke. Ba ta kai ni ƙara ba. Da ta kai, da ban ga laifinta ba.

Washegarin aikin aka miƙo mini ƙafar a naɗe. Na sayi farin yadi na ƙara naɗe ta, na ɗaure a bayan babur, na kai ta maƙabartar garinmu. Ni da Baffa muka haƙa. Ban san ƙafar mutum tana da nauyi haka ba.

Hamma ya rayu, alhamdu lillahi. Ina da ƙorafi a kan masu baza maganin mutum da na dabba a kan tabarma ɗaya a kasuwa, suna sayar wa kowa ba tambaya, da kuma layin asibiti da ke sa mutumin ƙauye ya gwammace ya ɓare kafso a gida. Wanda ke shan magani yadda Hamma ya sha, ya sani ranar da zai buƙace shi da gaske na iya zuwa ya tarar ba ya aiki. Wanda kuma ciwonsa ya daina zafi da wari bayan an sa masa wani abu, kada ya ɗauka shi ke nan, ya kai a duba. Amma babban ƙorafina a kaina yake. Yatsu biyu aka roƙa.

Bayan an sallame shi da wata guda na je ruga. Na same shi da hantsi a gindin bishiya, sandunan asibiti a gefensa, yana kallon ɗan Baffa yana kora shanu fadama. Shanun na wucewa yana kiran sunayensu a hankali. Na zauna. Kafin in buɗe baki ya ce akwai wani abokinsa a Ceberu mai gyambo, ko zan taimaka masa da man nan.

"Ƙahwata dai kwananta ya ƙare, amma manka ya yi mani rana. Allah shi yi ma albarka."

Na kasa riƙewa. Na faɗa masa duka: yadda na tambayi Malama, abin da ta ce, yadda ta roƙe ni in mayar da shi asibiti ran nan, yadda na kifa kwalabe a ɓoye, da ƙudajen da na gani na tafi. Na ce masa man bai warkar da komai ba, zafin da warin kawai ya rufe, kuma da ban kawo shi ba da yanzu yana tsaye da yatsu uku a ƙafarsa ta dama. Ina magana ina kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Bai dube ni ba. Ya daɗe yana murza gemunsa, har shanun suka ɓace a bayan gero.

"An hwaɗa ma, kac ce to, kat tahi ka yi?"

"Haka aka yi, Hamma."

Ya gyaɗa kai. Daga cikin gida ana jin dakan Adda Hajo. Ya rage murya.

"Kar ka hwaɗa ma Hajo. Ita ad da hannun da ka ɗigawa, sahe da marece, mako ukku. In tas sani, ba ta ƙara barci."

Ban faɗa mata ba. Ba ta karatun boko, kuma sunayen da ke cikin wannan rubutu duk na sauya su. Sauran man na karɓe na zubar, na ce mata ya lalace. Hamma yana gaisawa da ni, yana tambayar iyalina, amma bai ƙara neman shawarata a kan komai ba. Ita kuwa duk ranar da na je sai ta ajiye abin da take yi, ta dama mini fura da nonon safe, ta durƙusa ta miƙo mini, ta ce Allah ya jiƙan mahaifan wanda ya ba mijinta barci lokacin da likitoci suka kasa. Hamma yana zaune yana ji. Ni kuma in ce amin, in karɓa in sha.